Abin da Kwamfuta ke Hangowa a Hoton Mama Kafin Sankara ta Bayyana

Idan mace ta je asibiti aka ɗauki hoton mamanta da na'urar mamogiram, tambaya guda ce likitan da ke karanta hoton yake neman amsarta: shin akwai sankara a wannan maman yau? A ƙasashen da ake gayyatar mata wannan gwaji a kai a kai, amsar da mafi yawansu ke samu ita ce babu, domin a cikin mata dubu da aka ɗauka, waɗanda ake samu da cutar ba su cika kai goma ba. Sai a rubuta cewa komai lafiya, a adana hoton, a ce wa matar ta dawo bayan shekara ɗaya ko biyu ko uku, gwargwadon tsarin ƙasarta. An daɗe ana ɗaukar irin wannan hoto a matsayin wanda ya gama aikinsa. A 'yan shekarun nan ne masu bincike suka koma kan tsofaffin hotunan da aka ce lafiya lau suke, suka ware na matan da sankara ta kama daga baya, suka jera su kusa da na waɗanda ba ta kama ba, sannan suka sa kwamfuta ta nemo bambanci. Ta kuwa samo shi.

Kafin a fahimci abin da ta samo, sai an san yadda hoton yake. Na'urar tana matse mama tsakanin faranti biyu, ta ratsa shi da ɗan hasken eksire, kuma yawanci hotuna huɗu ake ɗauka, biyu a kowane gefe, ɗaya daga sama, ɗaya a karkace. Kitse ba ya tare hasken sosai, saboda haka yakan fito duhu-duhu. Naman da ke samar da ruwan nono, da hanyoyin da ruwan ke bi, da zaruruwan da ke riƙe da su, duk suna fitowa fari. Matsalar ita ce ƙari ma fari yake fitowa. A maman da kitse ya yi rinjaye, ɗan ƙullutu yakan fito fili kamar farin wata a sararin dare. A maman da nama ya cunkushe kuwa, nemansa tamkar neman ƙwayar shinkafa ne a tulin auduga.

Wani likitan hoto a birnin Detroit na Amurka, John Wolfe, shi ne ya fito da batun a 1976, inda ya ce tsarin yadda naman ya shimfiɗu a hoto yana da alaƙa da yiwuwar kamuwa da cutar nan gaba. An yi ta jayayya a kan alƙalumansa, amma tushen maganarsa ya tabbata. A Toronto ta Kanada, Norman Boyd da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna auna wannan cunkoso, har suka samar da manhajar da ke taimaka wa mai aunawa ya ƙididdige yawan farin da ke cikin hoto. A binciken da suka wallafa a 2007 sun nuna cewa matan da fari ya mamaye kashi 75 cikin ɗari na hotonsu ko fiye, haɗarinsu ya kusa ninka sau biyar na matan da farin bai kai kashi 10 ba. Ya kamata a lura cewa wannan kwatanci ne tsakanin na can sama da na can ƙasa. Idan aka gwada da mace matsakaiciya, ƙarin ba ya wuce kamar ninki biyu. Duk da haka abubuwa biyu sun fito: cunkoson nama yana ɓoye sankarar da ta riga ta fara, kuma shi kansa alama ce ta ƙarin haɗari.

Yadda wannan sani ya fita daga mujallun likitoci ya shiga doka abin lura ne. Nancy Cappello, wata malama a jihar Connecticut, an gano mata sankarar da ta yi nisa a 2004, makonni kaɗan bayan an ce mata hotonta lafiya yake, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa mamanta daga cikin masu cunkoso yake. Fafutukar da ta yi ce ta kai ga jiharta ta kafa doka a 2009 cewa dole a sanar da mata. Daga watan Satumba na 2024 wannan ya zama wajibi a duk faɗin Amurka. Sai dai ma'aunin da ake amfani da shi, wanda ya kasa mata gida huɗu daga mai yawan kitse zuwa mai matsanancin cunkoso, ido ne ke yanke shi. Ido ba mudu ba ne, ko da yake ya san ƙima, kuma an sha nuna cewa likitoci biyu za su kalli hoto ɗaya su sa shi a gidaje daban-daban. Banda haka, kusan rabin matan da ake ɗauka a Amurka suna faɗawa cikin gidaje biyu na sama, kuma ma'aunin da ya ware rabin jama'a a matsayin abin damuwa bai taimaka wa likita ya san wadda zai fi mayar da hankali a kanta ba.

A gefe guda kuma akwai tsohuwar hanyar lissafin haɗari ta tambayoyi. Wadda aka fi sani ita ce ta Mitchell Gail na Cibiyar Sankara ta Ƙasa a Amurka, wadda ta fito a 1989. Ana tambayar mace shekarunta, da shekarun da ta fara al'ada, da shekarun haihuwarta ta fari, da ko mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ko 'yarta ta taɓa yin cutar, da ko an taɓa yankar ɗan nama daga mamanta don gwaji. A Ingila an samar da wata mai suna Tyrer-Cuzick, wadda ta fi zurfafa kan tarihin dangi, daga baya kuma aka ƙara mata cunkoson nama. Akwai hanya mai sauƙi ta gane ƙarfin irin waɗannan ma'aunai. A ɗauko mata biyu, ɗaya cutar za ta kama ta, ɗayar ba za ta kama ta ba, a ce ma'aunin ya nuna wadda ta fi haɗari. Idan canki-canka aka yi, za a dace sau 50 cikin 100. Ma'aunan tambayoyi suna dacewa kamar sau 60. Dalilin raunin a bayyane yake: mafi yawan matan da ke kamuwa da sankarar mama ba su da tarihinta a danginsu, kuma ba su ɗauke da sauye-sauyen gado irin na BRCA1 da BRCA2, don haka tambayoyin ba su da abin kamawa a kansu.

A wannan giɓi ne ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta da ke koyo da kanta daga misalai masu yawa, ta shigo. Misalin da aka fi nazari a kai shi ne manhajar Mirai, wadda masu bincike a jami'ar MIT, Regina Barzilay da ɗalibinta Adam Yala, suka gina tare da likitar hoto Constance Lehman ta Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston. Ita Barzilay masaniyar kwamfuta ce da aka gano tana da sankarar mama a 2014, kuma abin da ya same ta ne ya juya akalar aikinta zuwa wannan fanni. Ba su koya wa manhajar cewa ga yadda haɗari yake kama ba, domin su ma ba su da cikakken bayaninsa. Abin da suka yi shi ne ba ta gwaje-gwaje sama da dubu 200, kowanne tare da labarin abin da ya faru da mai shi a shekarun da suka biyo baya. Manhajar takan kalli hotuna huɗun ta yi hasashe, a nuna mata gaskiyar abin da ya faru, ta gyara lissafinta kaɗan, ta sake gwadawa, haka sau miliyoyi, har ta kai tana ba kowace mace lamba: yiwuwar kamuwa a cikin shekara ɗaya, biyu, har zuwa biyar.

Sakamakon da suka wallafa a farkon 2021 ya ja hankali. A gwajin mata biyu da na kwatanta, Mirai ta dace kamar sau 76 cikin 100 a Boston, 81 a asibitin Karolinska na Suwidin, 79 a wani babban asibiti a Taiwan. A Boston, daga cikin matan da cutar ta kama a cikin shekara biyar, manhajar ta riga ta sa kusan kashi 42 cikin ɗari a rukunin masu babban haɗari, alhali Tyrer-Cuzick ta kamo kusan kashi 23 ne kawai. Daga baya an sake gwada ta a asibitoci bakwai na ƙasashe biyar, wato Amurka, Isra'ila, Suwidin, Taiwan da Birazil, ta kuma tsaya da ƙafafunta.

Ni dai binciken da na fi ba muhimmanci shi ne wanda aka yi a rukunin asibitocin Kaiser Permanente na arewacin Kaliforniya, aka wallafa a 2023, saboda ba masu manhajar ne suka auna kansu ba, kuma an taƙaita shi ga hotunan 2016 waɗanda likitoci suka riga suka ce babu komai a cikinsu. An gwada manhajoji biyar da ma'aunin tambayoyi guda. Manhajojin sun dace sau 63 zuwa 67 cikin 100, ma'aunin tambayoyi kuma sau 61. Idan aka ware kashi goma na matan da suka fi samun babbar lamba, manhajar da ta fi ƙoƙari ta tattaro kashi 28 na dukan sankarorin da suka bayyana, ma'aunin tambayoyi ya tattaro kashi 21. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma da aka haɗa hoto da tambayoyi sakamakon ya ɗan ƙara kyau. Amma a juya lissafin: fiye da kashi 70 na matan da cutar ta kama ba sa cikin wannan rukuni na sama. Duk wanda ya ce wa mace ƙaramar lamba ta wanke ta, ya cuce ta.

To, me kwamfutar take gani? Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya, kuma a kanta ne fassarar komai ta rataya. Akwai amsoshi biyu da ba su kore juna ba. Ta farko ita ce akwai wani yanayi na naman mama gaba ɗaya, a saƙarsa da laushinsa da yadda fari da baƙi suka sarƙe, wanda ke nuna ƙasa ce da sankara za ta iya tsirowa a cikinta. Ta biyu ita ce sankarar ta riga ta tsiro, ƙanƙanuwa ce ƙwarai ko kuma ta ɓuya a bayan farin nama, kwamfutar kuma ta hango inuwarta. Akwai dalilai da ke ƙarfafa ta biyun. Hasashen ya fi daidai a shekarar farko da ta biyu, yana raguwa idan aka yi nisa. A binciken Kaliforniya, yawancin manhajojin an gina su ne don gano sankarar da ke nan yanzu, amma suka yi ƙoƙari wajen hasashen gaba. Sannan a 2024 wasu masu bincike a jami'ar Duke suka nuna cewa babban ɓangare na ƙarfin Mirai ya fito ne daga gwada maman hagu da na dama wuri da wuri, suka gina wata manhaja mai sauƙi wadda wannan kaɗai take dubawa, ta kuma kusa kamo ta asali. Likitocin hoto sun daɗe suna jera hagu da dama don neman inda suka saɓa. Kwamfutar ta fi su iya ganin ƙaramin saɓani ne.

Bambancin nan yana da tasiri a kan abin da za a yi wa mace. Idan lambar tana nuna cutar da ta riga ta fara ce, to abin da ya dace shi ne a sake dubawa yanzu da na'urar da ta fi gani. Idan kuwa tana nuna yanayin jiki ne na dogon lokaci, sai a yi maganar yawaita gwaji ko shan maganin rage haɗari irin su tamoxifen, wanda a Amurka ake fara tattaunawa a kansa idan haɗarin shekara biyar ya kai kusan kashi 1.7 cikin ɗari. Maganin yana rage kamuwa sosai, amma yana iya jawo daskarewar jini a jijiya da sankarar mahaifa, don haka ba abu ba ne da za a ba mace lafiyayya a kan lambar da ba a fahimci tushenta ba.

Hanyar farko ce aka fi gwadawa a aikace. A ƙasar Holan, gwajin da ake kira DENSE ya ɗauki mata sama da dubu 40 masu matsanancin cunkoso, waɗanda manhaja ce ta auna su, kuma hotonsu bai nuna komai ba. Aka gayyaci wani kaso su yi ƙarin hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu. Sakamakon 2019 ya nuna cewa sankarar da ke ɓullowa tsakanin gwaji da gwaji, wadda ita ce ta fi muni, ta ragu daga 5 cikin dubu zuwa 2.5 cikin dubu. Farashin kuwa shi ne a zagayen farko kusan mata 80 cikin kowace dubu an tayar musu da hankali a kan abin da daga baya ya zama ba sankara ba. A Karolinska, Fredrik Strand da tawagarsa suka ce maimakon cunkoso kaɗai, bari ƙirƙirarriyar basira ta zaɓo kusan kashi 7 na matan da suka fi samun babbar lamba. Daga cikin 559 da aka yi wa MRI an samu sankara a jikin 36, wato kimanin 64 cikin dubu, kusan ninki huɗu na abin da aka samu a Holan. Tun da MRI yana da tsada kuma na'urorinsa ba su wadata ba ko a Turai, wannan shi ne amfanin da ya fi fitowa fili zuwa yanzu: a san wadda za a kai gabansa. A 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba wata manhaja mai suna Clairity Breast izinin shiga asibitoci don hasashen haɗarin shekara biyar daga hoto kaɗai.

Waɗannan gwaje-gwaje sun ƙirga yawan sankarar da aka gano da wuri ne, ba yawan rayukan da aka ceto ba, kuma abubuwan biyu ba lalle su zo daidai ba, domin wasu ƙari suna girma a hankali har ba za su taɓa cutar da mai su ba ko da ba a gano su ba. Haka nan kalmar “babban haɗari” tana da nauyin da ya wuce lissafinta. A ce mace ta samu kashi 4 cikin ɗari a shekara biyar, wanda ya fi na yawancin tsararrakinta nesa ba kusa ba. Ma'anarsa ita ce a cikin mata ɗari masu irin hotonta, 96 za su wuce shekarun nan lafiya. Idan ba a zaunar da ita an yi mata wannan bayani da harshen da take ji ba, za ta koma gida da fargabar da za ta hana ta barci, ko kuma ta ɗauka an yi mata duba ne, an yanke mata ƙaddara.

Akwai kuma tambayar hotunan su wa aka koyar da manhajar da su. Judy Gichoya, likitar hoto 'yar asalin Kenya da ke jami'ar Emory, ita da abokan aikinta sun nuna a 2022 cewa irin waɗannan manhajoji suna iya gane launin fatar mutum daga hoton cikin jikinsa, har da mamogiram, abin da likita ba ya iyawa. Ke nan suna kama abubuwan da ba a sa su ba, kuma ba a sanin da wanne suke yanke hukunci sai an gwada su a kan kowace al'umma. Hatta kamfanin da ya ƙera na'urar ɗaukar hoton yana iya sauya lambar. An gwada Mirai a kan baƙaƙen fatan Amurka ta yi aiki, wannan abin farin ciki ne, amma a cikin ƙasashe biyar ɗin nan babu ta Afirka ko ɗaya. Macen Kano ko Maraɗi da ta yi haihuwar fari da ƙuruciya, ta haifi 'ya'ya da yawa, ta shafe shekaru tana shayarwa, tarihin jikinta daban yake da na macen Boston, kuma haihuwa da shayarwa suna sauya naman mama da kuma haɗarin cutar.

Yanayinmu ma daban ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna mata kimanin miliyan 2.3 aka gano da sankarar mama a duniya, kimanin dubu 670 suka rasu, kuma a Najeriya sababbin masu cutar sun haura dubu 30 a shekarar. Da yawa daga cikinsu ba su kai shekara hamsin ba, shekarun da nama ya fi cunkushewa kuma mamogiram ya fi rauni, sannan mafi yawansu suna isa asibiti ne bayan cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu, wasu bayan an daɗe ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe ana cewa daji ne ba ya son ƙarfe. Shi ya sa shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 ya sa burinsa a kan abubuwa uku: a gano aƙalla kashi 60 na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 da zuwan mace asibiti, kuma kashi 80 su kammala magani. Babu ɗaya daga ciki da ke jiran ƙirƙirarriyar basira. Macen da ta ji ƙullutu, ko ta ga kan nononta ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar wurin ta yi kama da ɓawon lemo, ta wuce matakin hasashe. Abin da take bukata shi ne likita ya duba, a yi mata sikanin ko mamogiram, a ɗauki ɗan nama a kai ɗakin gwaji ba tare da an yi ta ɗaga mata rana ba.

Ana yawan cewa wannan fasaha za ta fi amfanar ƙasashen da likitocin hoto suka yi ƙaranci, kuma a wajen karanta hoto akwai gaskiya a maganar. A wajen hasashen haɗari kuwa akwai wani ƙulli: manhajar ba ta cewa komai sai an riga an ɗauki hoton. Ba za ta iya gaya mana wace mace ce a ƙauye ya kamata a fara kawowa gaban na'ura ba, alhali wannan ce tambayarmu. A nan aikin da likita Olufunmilayo Olopade da abokanta suka faro a Ibadan tun 1998, na nazarin sankarar mama a tsakanin matan Najeriya, wanda ya kai ga samar da ma'aunin tambayoyi da aka gina a kan matanmu, ya fi kusa da bukatarmu ta yau.

Wannan bai sa na ga ya kamata mu naɗe hannu ba. Abin da ya ba Boston da Stockholm, inda Karolinska yake, damar gina waɗannan manhajoji shi ne hotuna da aka adana shekara da shekaru, da rajistar sankara da ke nuna wa ta kamu kuma yaushe. Ibadan tana da rajistar sankara tun 1960, kuma asibitocin koyarwa da ke da na'urar mamogiram ta zamani suna fitar da hotuna a kwamfuta kowace rana. Idan ana adana su da lambar da za a iya bin diddigi, da yardar matan da kansu, a ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, kuma ana kiran waya a ji yadda kowace ta kasance, za a iya ɗora kowace manhaja da aka kawo mana a kan sikeli kafin a yarda da lambarta. Hasashen shekara biyar sai an bi mace shekara biyar ake sanin ko ya yi daidai, don haka hoton da aka ɗauka bana a Zariya ko Yamai, idan aka bari ya ɓace ko aka rasa lambar wayar mai shi, ba zai shiga wannan lissafi ba.